Wasiƙa ga Abokina BP6

Abokina BP6,

Babu adireshin da zan rubuta a bayan wannan takarda. An narka ka ne? An kankare ɗan zinaren da ke jikinka an watsar da sauran? Ko kana can ƙarƙashin tulin tarkace, rana ta dake ka, ruwa ya dake ka? Akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma ban ga wanda zai fahimce ta ba sai kai. Yaran yanzu da ke yawo da waya mai ƙwaƙwalwa takwas a aljihu, in na ce musu na taɓa kasa barci don murnar samun biyu, kallon tausayi kawai suke yi mini.

A Taiwan aka haife ka, allon kwamfuta na gidan Abit, a 1999, kuma tun ranar farko kai ɗan tawaye ne. Intel ta ƙera furosesar Celeron don mai ƙaramin ƙarfi, da nufin guda ɗaya a kowace kwamfuta. Mai son biyu ya je ya nemi Pentium ya biya kuɗinta. Sai ga ka da gurbi biyu na Socket 370, ɗaya kusa da ɗaya, ka ce talaka ma ya zo ya ɗana. Ba a daɗe ba aka toshe wannan ƙofa a Celeron ɗin da suka biyo baya, shi ya sa ba ka da ƙanne masu yawa. Ni kuwa sai da ka kwana biyu a duniya ka iso hannuna, na hannu, da ƙurar gidan wani a jikin fankokinka. Ban damu ba. Ka tuna daren da na kori Windows 98, wadda ba ta ma san kana da furosesa ta biyu ba, na ɗora maka Windows 2000? Ka tuna yadda layi biyu kore suka bayyana a fuskar kwamfuta, kowanne yana motsinsa daban? Na kira duk mutanen gida su gani. Babu wanda ya gane abin da nake nunawa, amma sun taya ni murna.

Celeron biyu masu gudun megahaz 366 ka ɗauka. Kowa a lokacin ya san dabarar: gudunsu ninki biyar da rabi ne na gudun babbar hanyar saƙo, to in ka ɗaga hanyar daga 66 zuwa 100, sai 366 ta zama 550. Kai kuma ba ka wahalar da mutum da tsinke-tsinken jamfa, a cikin BIOS ake komai, a shafin nan na SoftMenu. Na ɗaga, ka ɗauka. Na ƙara wa furosesocin 'yar wuta, ka ɗauka. Ban taɓa tambayarka ko da nauyi ba.

To, sai ranar da na fara jin kana jan ƙafa.

Me ya sa ba ka faɗa mini gaskiya tun a lokacin ba? Ko ka faɗa, ni ne kunnena ya toshe? Sai in ba ka aiki biyu masu nauyi tare, in zauna ina jiran gudun mutum biyu, sai in ga abin da ka ƙara bai kai rabin tsammanina ba. Nan take na yanke hukunci: ram ne. Na ɗora Memtest86 a fulofi, na bar ka kwana kana ƙirga, allon shuɗi yana haska ɗakin. Da safe babu kuskure ko ɗaya, amma lambar gudun ma'ajiya ba ta yi mini daɗi ba, kuma tun daga ranar na zama bawan wannan lamba.

Na koyi abubuwa a kanka, wannan kam ba zan musa ba. Cif ɗinka na 440BX, wanda Intel ta fitar a 1998, yana ɗaure gudun ram da gudun babbar hanya, don haka in hanyar tana 66, ko ram ɗin PC133 na saka maka, a 66 zai yi tafiya. Na gano cewa ɗan batirin nan CR2032 ya mutu, shi ya sa duk lokacin da aka ɗauke wuta ka manta saitinka, ka koma tsarin taka-tsantsan, jiran CAS ya tashi daga bugu biyu zuwa uku. Na canja batir. Na leƙa BIOS na tabbatar ba a kashe ƙaramar ma'ajiyar L2 ba, don in aka kashe ta, kwamfuta sai ta yi kamar an ɗaure mata dutse. Na sayo sandar ram mai megabait 256, ka nuna mini 128, na yi ta zagin mai sayarwa a zuciyata, ashe bawan Allah ba shi da laifi: 440BX ba ya karanta cif masu cunkoso, sai sanda mai ƙananan cif goma sha shida, takwas a kowace fuska. Gurbin ram uku gare ka, iyakarka megabait 768, kuma babu jerin da ban gwada ba a cikinsu. In cire, in goge bakin sandar da abin goge fensir, in hura, in mayar. Sau nawa na danna ƙirjinka har ka lanƙwasa? Ka ji zafi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, amsar tana cikin lissafin da yaron sakandare zai yi. Hanyar da ta haɗa furosesa da ram tana ɗaukar bait takwas a kowane bugu. A gudun 66, megabait 533 ke nan a daƙiƙa. A gudun 100, megabait 800, shi ma a takarda. Kuma hanyar guda ɗaya ce tak, furosesocin biyu su ke raba ta. Mutum biyu ne a bakin rijiya da guga ɗaya: in wannan ya zura, dole wancan ya tsaya. Ga shi kowace Celeron kilobait 128 kawai take da shi na ma'ajiyar kusa, alhali Pentium II tana da 512, saboda haka kullum suna kan hanyar komawa ram, kullum suna karo. Haka aka halicce ka. Ba ciwo ba ne, kuma babu batir ko sandar da za ta sauya shi. Ni kuwa na ɗauki halittarka na mai da ita laifi, na yi ta tuhumarka a kai.

Ciwon gaskiya yana gefe, a gaban idona. Ka tuna 'yan gwangwanayen nan da ke jere kusa da furosesoci, kafasitoci masu daidaita wuta? Na ga kan biyu daga ciki ya kumbura. Na ga wani abu ruwan ƙasa ya bushe a gindin ɗaya. A shekarun nan annobar kafasita masu gurɓataccen ruwa ta shiga allunan kamfanoni da yawa, labarin ya bazu, na kuma ji shi. Gyaran bai wuce ƙarfen liƙi da dalma da yammaci guda ba. Na ce sai na gama da maganar ram tukuna. Ka fara daskarewa a tsakiyar aiki, musamman in furosesocin biyu suka tashi tare suna jan wuta, ni kuma ina kafa hujja da Memtest, na manta cewa a wancan zamani da furosesa ɗaya yake gwajinsa, ba ya taɓa ɗora maka nauyin da ke kayar da kai. Ƙaramin koren ƙarfen da ke kan cif ɗinka yana zafi har ba a iya barin yatsa a kai; masu hankali suna shafa masa man sanyaya su ɗaura masa fanka. Ni fa? A tsakiyar bazara, a ɗakin da fankar sama ke kaɗa iska mai zafi, da wutar janareta mai hawa da sauka, na sake ƙara maka wuta don ka daina daskarewa.

Ka yafe mini, mutumina. Wa ke yi wa aboki haka?

Amma kai ma ina da ƙorafi a kanka. Don me kake tashi duk lokacin da na danna? Da ka ƙi tun da wuri, da ka yi ƙarar nan ta gargaɗi ka kafe, da na tsorata na nemi mai gyara. Haƙurinka ya ruɗe ni. Sai da safiyar da fankoki suka juya, fuskar kwamfuta ta tsaya baƙa ƙirin, lasifikarka ba ta ce uffan ba.

Ko a nan ba ka mutu ba, na sani yanzu. Mutane a ƙasashe da dama sun farfaɗo da irinka da sababbin kafasitoci, wasu har yau suna aiki, ana nemansu ana alfahari da su. Ni na saka ka a kwali na ce wata rana. Abit ta daina ƙera alluna a ƙarshen 2008, na ji labarin, na yi niyyar fito da kai, ban fito da kai ba. Da muka tashi sauya gida, aka tara kayan da ba a so a ƙofa, ɗan jari-bola ya zo da kurarsa. Ina tsaye a wurin. Na ga kwalin, na san abin da ke ciki, waya ta yi ƙara na juya in amsa. Ko cinikinka ban ji ba. Nawa aka ba da kai?

Sandunan ram ɗinka kawai suka tsira, don na cire su tun kafin in rufe kwalin. Kwanakin baya wani abokina mai tara tsofaffin kwamfutoci ya ara, ya saka su a wani allo mai 440BX irin naka, a gudun 100, jiran CAS a bugu biyu. Ya bar su kwana suna gwaji, ya kira ni da safe yana dariya, ya ce lafiyarsu ƙalau, ko zan sayar masa. Na ce ya ba ni lokaci. Kai me ka gani, in ba shi?

Naka har kullum,
wanda ya riƙe ka.