Kunne Ba Ma'auni Ba Ne

Mu jikokin masu ƙirga ne. Kakanninmu da suka ratso daji daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa ƙasar Gwanja ba su taɓa sayen goro da ka ba. A kasuwar Salaga goro ɗari shi ne ƙwarya, kuma sai an ƙirga a gaban mai saye da mai sayarwa kafin a ɗaure huhu. Hatsi na da mudunsa, zinariya na da miskalinta. Dillalin da ya ce "ku yarda da ni kawai" ba ya daɗewa a zango. To, me ya sa a yau, in aka zo batun injin mota da na babur, muke ajiye wannan gado, mu miƙa wa kunne hukunci?

Wani yayi ya shigo mana daga bidiyoyin waya da shagunan kayan gyara. Matashi zai cire akwatin matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina, ya ɗaura wata buɗaɗɗiya mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya. Wani ma huhhuda akwatin yake yi, ko ya zare soson gaba ɗaya. Da an taka totur sai injin ya yi gurnani, jama'ar gareji su ce, "Kai, yanzu ta buɗe!" Daga bakin ruwan Makango har tashoshin Yendi da Bawku muna jin wannan magana a bakin masu tasi da masu babur da masu Motor King. Abin da ba mu cika ji ba shi ne wanda zai tambaya: ta buɗe da nawa?

Masu wannan dabara suna da hujja, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Inji numfashi yake yi. Kafin fetur kilo ɗaya ya ƙone sarai, sai ya gamu da iska kimanin kilo 14.7, wato lita ɗaya ta fetur na neman iska wajen lita 9,000. Duk abin da ya shaƙe hanyar iska ya rage ƙarfi. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da toshasshiyar matata, ta tarar cewa motocin zamani masu kwamfuta sun yi nauyin tashi, ko da yake shan mansu bai canza sosai ba, tsohuwar mota mai kabureta kuwa har mai ta ƙara sha. Sai dai a lura: wannan ya nuna illar matatar da ta toshe ne, bai nuna cewa sabuwar matatar kamfani tana tauye injin ba.

A nan ruɗin farko yake. Yawancinmu tsohuwar matata ce muke cirewa, wadda ta sha ƙurar hunturu biyu, mu sa sabuwar ta ado. Dole mota ta ji sauƙi. Amma da sabuwar matata irin ta asali aka sa, mai rahusa, da wannan sauƙin aka samu.

Ruɗi na biyu zafi ne. Inji ba faɗin iska yake ci ba, nauyinta yake ci, iska kuwa tana sirancewa da kusan kashi 3 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Akwatin kamfani yana da bututu mai janyo iska daga gaban mota, inda take da sanyi. Mazurarin da aka ɗaura tsirara a ƙarƙashin bonet yana zuƙar hucin injin ne. In iskar waje tana digiri 25, ta cikin bonet tana 55, an yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinta. An faɗaɗa ƙofa, an rage abin da ke shiga. Gurnanin kuwa ba alamar ƙarfi ba ne: akwatin nan an ƙera shi har don ya kashe ƙarar zuƙar iska, cire shi ne ya sake ta.

Wannan lissafi yana nuna mana abin da ya sa shaidar direba, ko da mai gaskiya ne, ba ta isa ba. Asubahin hunturu kan sauko ƙasa da digiri 20, azahar ɗin watan Maris a Bawku kan kai 40. Tsakanin biyun akwai bambancin nauyin iska sama da kashi 6 cikin 100. Wanda ya gwada motarsa da tsakar rana, ya canza matata da yamma, ya sake gwadawa da sanyin safiya, yanayi ya auna, ba gyara ba.

Turawa sun daɗe da gane wannan. James Watt ne ya kafa ma'aunin ƙarfin doki, wanda ya kai kimanin wat 746, don ya iya gaya wa mai saye adadin dawakin da injinsa zai maye. A 1821 Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙirƙiro birkin auna ƙarfin inji, kakan na'urar dainamomita ta yau, wadda ake ɗora tayoyin mota kan manyan gangunan ƙarfe a taka ta tana tsaye. Har a can ba a karɓar adadi tsurarsa: ƙa'idar SAE J1349 tana mayar da kowane sakamako kan digiri 25 da matsin iska guda, don kada zafin rana ya shiga lissafi. A irin wannan awo, canjin matata kaɗai a ƙaramar motar da ba a taɓa cikinta ba ɗan kaɗan yake ƙarawa, shi ma a ƙurewar juyin inji, inda mai ɗaukar doya da kifi daga Makango zuwa Tamale ba ya zama.

Ba sai mun mallaki wannan na'ura ba kafin mu yi adalci. Agogon da ke cikin wayar kowa ya isa. A nemi miƙaƙƙiyar kwalta nesa da gari, babu mutane babu dabbobi. A fara da sabuwar matatar asali. Kaya ɗaya, direba ɗaya, iskar taya ɗaya, inji ya riga ya ɗumama. A giya ta uku, a taka totur ƙasa daga gudun kilomita 40 zuwa 80, na gefe ya riƙe agogo. A yi zuwa da dawowa sau biyar, saboda gangare da iska, a rubuta, a fitar da matsakaici. Sannan a sa sabon kayan a maimaita cikin sa'ar nan, a kuma komar da na asali a sake. In bambancin kayan biyu bai wuce bambancin da ke tsakanin gwaji da gwaji ba, to babu abin da aka ƙaru da shi sai ƙara. Shan mai ma haka: a cika tanki maƙil, a yi hanyar da aka saba, a sake cikawa, a raba kilomita da lita.

Ko da agogo ya nuna 'yar riba, akwai awo na biyu da ba ya bayyana a yini ɗaya. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yana rufe mu, ga jar ƙasar hanyoyin ƙauye da kowace lori ke tayarwa. Matatar da ta sakar wa iska hanya, ƙura ma ta sakar wa. Ƙurar nan in ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da bangon silinda a hankali, har inji ya soma hayaƙi da shan baƙin mai. A babur mai kabureta, cire soso ba tare da daidaita jet ba yana sa iska ta rinjayi fetur, inji ya riƙa zafi, kan fulogi ya yi fari. A motar zamani kuwa, man da ake shafa wa wasu matatun kan ɓata na'urar da ke auna iska. Ƙarshen abin shi ne a sauke inji, a aika Suame Magazin ta Kumasi neman kaya, a jira jirgin fito daga Yeji, abin hawa na kwance. Ga yaron da ya karɓi babur yana biya mako-mako, wannan kwanciya ita ce bambanci tsakanin mallaka da ƙwacewa.

Ba muna hana makanikanmu gwaji ba ne. Hannun da ke tayar da motar da ƙasar da ta ƙera ta ta daɗe da yar da ita ya cancanci girmamawa, kuma duk ƙwarewa daga gwaji take farawa. Roƙonmu ga iyayen gidan gareji shi ne su haɗa wa yaransu sifana da littafi. A rubuta ranar gyara, da abin da aka canza, da abin da agogo ya ce kafin da bayan. Mai mota kuma, kafin ya ciro sidinsa, ya ce, "Maigida, a gwada mu gani." Wannan ba raini ba ne, ciniki ne irin na gidanmu, gani kuwa ya kori ji.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a.