Gidan da Ya Koyi Maganar Hannu

Sanƙarau ciwon rani ne. Yakan zo da ƙurar hunturu, ya tsananta da bazara, ya lafa da saukar damina. A shekarar 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. Cikin waɗanda sukan tashi daga wannan ciwo, kusan ɗaya cikin biyar yakan bar musu lahani, sau da yawa kuwa kurumta ce.

A nan ne jarrabawar iyaye take farawa. Yaro ya warke, ya dawo gida, uwa ta kira sunansa bai waiwaya ba. Dangi su ce sammu ne, wasu su ce iska. Sai a sayar da akuya, a taɓa rumbu, a shiga yawon neman magani. Amma in ciwon ya lalata can cikin kunne, ba sassaƙe ko turaren da zai komo da ji. Shekarun da ake ɓatarwa kuwa su ne shekarun da yaro yake koyon harshe.

Gidajen da suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka bar neman mai laifi, suka koyi yi wa ɗansu magana. Sukan dafa kafaɗarsa kafin su fara, su fuskance shi. Da dare a kawo fitila kusa domin ya ga fuskoki da hannuwa a wurin hira. Uba da yayye su koyi maganar hannu tare da uwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In uwa kaɗai ta iya, ranar da ta kwanta ciwo yaron ya zama baƙo a gidan ubansa.

Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana da shekara 11. Ya yi karatu har jami'a. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Gana, daga baya ya buɗe waɗansu a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka, kafin rasuwarsa a 1987.

Kurma ba wawa ba ne, ba kuwa horon Allah ba ne a kan iyayensa. Maƙwabta da 'yan'uwa a ikilisiya suna da nasu rabon aiki: su ba shi wuri a gaba inda zai gani, su koyi gaishe shi da hannu, su kuma taimaki iyayensa su kai shi makaranta tun yana ƙarami.