Rumfar Mota Ta Ƙi Naɗuwa Tsakanin Batsari Da Safana

Wannan mako labarin tafiya na kawo muku, kuma ina so 'yan makaranta su karanta wa iyayensu shi a hankali.

Kwanan baya muka tafi Batsari wurin suna, ni da Yayana da 'yarsa. Kun san Batsari tana yamma da birnin Katsina, ƙasar Sarkin Ruma ce, ta yi suna wajen noman rogo da dankali. Daga can muka yi niyyar gaida dangi a Safana, ƙasar Yariman Katsina. Ƙasa ce ta duwatsu, ga kuka da tsamiya da ɗorawa jefi-jefi cikin gonaki. Yamma da su duka biyu kuwa sai Dajin Rugu, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara.

Motar Yaya irin wadda ake kwana a ciki ce, da gado da wurin dafa abinci. A gefenta akwai rumfa ta tamfol, naɗe jikin wani dogon bututun ƙarfe. In an danna maɓalli, sai wani ɗan inji da ke ƙarshen bututun ya ɗauki wuta daga batir ya juya shi, rumfa ta warware bisa hannuwa biyu na ƙarfe. In an sāke dannawa ta naɗe. Ni kam abin ya ba ni sha'awa ƙwarai.

Lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai. Da azahar muka ratse gefen hanya, aka buɗe rumfa, muka shimfiɗa tabarma muka ci abinci, har na ɗan yi gyangyaɗi. Wajen ƙarfe huɗu sai muka ga gabas ta haɗe. Yaya ya danna maɓalli, shiru. Ya sāke, shiru.

To, ku duba halin da muke ciki. Mota ba ta tafiya da rumfa a buɗe. Iskar da ke gaban hadari kuwa tana iya yage tamfol, ta karya hannuwan, har ta fizge jikin motar. Sa'an nan babu mai son magariba ta same shi a wannan yanki, saboda 'yan bindiga da suka daɗe suna wahal da mutanen bakin dajin nan. Kada kuma ku ce ai sai a kira makanike a waya. A watan Satumba na 2021 an katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni kafin a mayar. Wanda ya ga wannan zamani ya san waya ba abin jingina ba ce.

Yaya ya tasam ma kwance ƙusoshin injin. Sai yarinyar nan, wadda take aji uku a sakandare, ta ce, "Baba, a dakata tukuna. Gwaggo, miƙo mini ɗan littafin nan na cikin aljihun mota." Ashe tun da aka sayi motar ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ta karanta da Turanci tana fassara mana. Ga abin da muka koya, ku riƙe shi:

Da fari a saurara. In inji yana gurnani amma bututu ba ya juyawa, to, haƙoran ciki ne suka cinye, ko wani abu ya tokare. A daina dannawa kada ya ƙone. In kuwa shiru ne, a duba batir, a duba fis, a bi waya ko ta tsinke. Namu fitilu suna kamawa, fis kuma lafiya lau, watau injin ne da kansa ya mutu.

Na biyu, kada a yi garajen kwance injin. Shi ne yake riƙe bututun kamar birki, hannuwan nan kuwa a ɗame suke, in suka kuɓuce suna iya fasa wa mutum fuska.

Na uku, yawancin irin rumfunan nan masu ƙera su sukan bar hanyar naɗewa da hannu. Tamu wani ɗan murfin roba ne a ƙarshen bututun, a ƙarƙashinsa akwai noti. Yaya ya hau kan akwati da sifana yana juyawa, ni da yarinya muna tallabe da hannuwan. Kowane juyi tamfol ba ya shiga ko rabin ɗan yatsa. Iska ta fara tashi, ƙura ta cika mana ido, ba mu saki ba sai da ta naɗe sarai.

Na huɗu, a ɗaure ta da igiya wuri biyu kafin a tashi, domin in inji ya lalace iskar tafiya tana iya warware ta a tsakiyar titi. Igiya kuwa babu, sai na kwance wadda na ɗaure buhun rogon da aka ba ni tsaraba. Muka shiga Safana ana yayyafi, da sauran rana.

Tun daga ranar nan, duk abin da aka kawo gidana mai aiki da maɓalli, sai na tambaya yadda ake yi da shi ran da wuta ta ƙi. Ku ma kafin a tashi tafiya, ku sa maigida ya gwada naɗe rumfa da hannu tun a ƙofar gida, ku tsaya ku gani, ku jefa igiya da sifana cikin kaya. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku raina karatunku. Littafin da ya fitar da mu bai kai shafi ashirin ba.

Sai mako mai zuwa.