Kujerar Makoda da Nauyin da ke Kanta

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kunno kai, mai neman kujerar Makoda a Majalisar Dokokin Jihar Kano yakan zagaya garuruwa da jawabi kusan iri ɗaya. Daga Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar, har ƙauyukan da ke iyaka da Dambatta, zai ce abin da ya sa a gaba shi ne noma da ilimi da lafiya da aikin yi ga matasa. Jama'a su yi tafi, a yi addu'a, a watse. Buƙatun duk gaskiya ne. Sai dai da wuya a sami wanda zai tambaye shi ta wace hanya kujerar da yake nema za ta biya su.

Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha manyan ayyuka uku. Ita ke yin doka. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin da gwamna ya gabatar mata bisa sashe na 121. Sashe na 128 kuma ya ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu suka kashe kuɗin da ta ware musu. Gina aji da haƙa rijiyar burtsatse aikin ɓangaren zartarwa ne. Ɗan majalisa ƙuri'a ɗaya gare shi cikin 40, sai muryarsa a zauren da kujerarsa a kwamiti. Duk ra'ayin da ɗan takara ya furta, a kan waɗannan ya kamata a auna shi.

Mutanen Makoda sun ga ƙarfin wannan ƙuri'a da idonsu. A watan Mayun 2019 majalisar ta zartar da dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Makoda ta faɗa ƙarƙashin Bichi. Ranar 23 ga Mayun 2024 aka soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, Makoda ta koma Masarautar Kano. Ko da wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin ɗaya ne: idan majalisa ta so, aikinta ba ya kwana. Manomi na da haƙƙin ya tambayi dalilin da ya sa nasa batun ke yin shekaru a kan layi.

Batun nasa kuwa a fili yake. Ƙasar Makoda gona ce ke jingine da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna fita ne saboda takin dabbobi da na juji da magidanci ke kaiwa kafin ruwa ya sauka. Kowane rabon gado yana ƙara tsuke gonar, shi ya sa samari ke tafiya cin rani da zarar an kammala girbi. Abin da zai tsayar da su a gida shi ne noman rani, ga kuma madatsar ruwa ta Tomas a wannan yanki. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya zame wa ƙaramin manomi ƙarfen ƙafa.

A nan ake gane ɗan takarar da ya yi nazari. Wanda ya ce noma ne fifikonsa sai ya faɗi kason da zai nema wa noma a kasafi, ganin cewa shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari a Maputo tun 2003. Sai ya faɗi ko gyaran magudanan ban ruwa zai sa a gaba ko rabon taki, domin aljihun gwamnati ba ya ɗaukar komai a lokaci guda. Wanda ya ce ilimi ne fifikonsa, ya tarar da dokar ilimi kyauta kuma dole tun zamanin Ganduje, da dokar ta-ɓaci kan ilimi da aka ayyana a 2024. Abin da ya rage masa shi ne bin sawun kuɗin: nawa aka ware, nawa aka saki, malamai nawa suka isa firamaren ƙauye. Haka kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kamata a ji matsayinsa kan asusun haɗin gwiwa.

Laifin bai tsaya kan 'yan takara kaɗai ba. Mazaɓa kan auna wakili da buhun shinkafar azumi da kuɗin asibitin da ya biya, shi ma ya koyi cewa kyauta ta fi bincike farin jini. Masu ilimin Makoda da ke aiki a Kano da Abuja su ne za su iya sauya wannan ma'auni, domin su ke iya karanta kundin kasafi su fassara wa 'yan uwa a gida. Kafin zaɓen 2027, ya dace su zaunar da kowane ɗan takara a bainar jama'a, su nemi ya ambaci doka ɗaya da zai kai zaure, da ma'aikata ɗaya da zai sa wa ido, su rubuta amsar su adana.