Ni da Philadelphia Eagles: yadda rabin kaka ya ruɗe mu

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Ina da gidan kallon ƙwallo a Tafashiya, ƙaramar hukumar Kankia. Shekaranjiya Lahadi, wasan Chelsea da Arsenal, mutum 74 na ƙirga har da na tsaye bakin ƙofa. Maimakon in yi murna sai gabana ya faɗi. Dalilin kuwa wata ƙwallo ce ta Amurka. 🧵

2/ Bari in faro daga tushe. A Agustan 2023 na buɗe wurin. Na saida raguna biyu, Inna ta kwashi adashenta naira dubu 150 ta damƙa mani. Ta ce, "Ɗan nan, ba kyauta ba ce fa. Na kayan ɗakin ƙanwarka ne, kafin azumi za ni nema." Na ce Inna ai ko ninki kike so za ki samu. Baki dai bai da linzami.

3/ Tibi ɗaya, janareta ɗaya na hannu, benci goma sha biyu, rumfar kwano. Shiga ₦100, babban wasa ₦150. Lokacin an riga an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, lita ta haura ₦600 a gidan mai, mu kuma nan wajen 'yan bumburutu muke saye, kun san nasu ya fi haka.

4/ Wata Lahadi a Oktoba an tashi daga Firimiya, kowa ya watse, akwai sauran mai a tanki. Ina canza tasha sai na faɗa ESPN. Ƙarti sanye da hular kwano suna ture juna kan wata ƙwallo mai kamar gwanda. Zan wuce ke nan sai na ga an rubuta Njoku a bayan rigar wani. Na ce a'a, har da namu a ciki? Sai na zauna.

5/ Ga wanda bai san ta ba: sunan gasar NFL. Mutum 11 kowane ɓangare. Ana ba ku dama huɗu ku ci gaba da yadi 10, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ka kai ta ƙarshen fili maki 6, bugun da ke biyo baya maki 1. Bugun da ya ratsa tsakanin ƙarafa daga nesa maki 3.

6/ Ƙungiyoyi 32 ne, kowace wasa 17 kacal take yi daga Satumba zuwa farkon Janairu. Mu da muka saba da wasa 38 sai mu ga kamar wasa ne, amma shi ya sa kowace Lahadi take da nauyi. 14 ke wucewa zagayen sili ɗaya ƙwale, a ƙare da Super Bowl a Fabrairu. Farkon Nuwamba shi ne rabin kaka.

7/ Na ɗauki Philadelphia Eagles. Ba wani ilimi a ciki, sunan ne kawai ya yi mani kama da Super Eagles. 😅 Sai kuma aka yi dace suna ta ci. Ranar 20 ga Nuwamba suka bi Kansas City Chiefs har gida suka doke su 21-17. Mako na gaba suka ci Buffalo 37-34. Wasa 11, sun ci 10.

8/ Wasan Chiefs ɗin nan ƙarfe biyu da kwata na dare aka fara a agogonmu. Ni kaɗai a rumfa, janareta na ta shan mai, ina ihu cikin duhun gari. Da safe maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya. Ban ko lissafa man da na ƙona ba, don a ganina kuɗi na shigowa.

9/ Kuma da gaske suna shigowa. Oktoba da Nuwamba rumfa cike take. Asabar da Lahadi sai in koma gida aljihu dam. Na ɗauko tibi na biyu bashi daga Kankia, na canza waya. Abokai suka fara ce mani Alhaji. Wanda ya ce "zan kawo" sai in ce shige kawai. Ba littafi, ba lissafi. Ni ma 10 da 1 nake.

10/ Abin da ban tsaya na duba ba game da Eagles: cikin nasarori 10 ɗin nan, 7 da tazarar maki bakwai ko ƙasa da haka aka same su. A wannan wasan maki bakwai hari ɗaya ne. Wato sau bakwai da ƙwallo ɗaya ta kuɓuce, da labari ya sha bamban. Teburi bai nuna haka, shi dai 10 ya sani.

11/ Disamba ta shigo. San Francisco ta zo har gidansu ta yi masu 42-19. Dallas ta yi masu 33-13. Cikin wasanni shida na ƙarshe ɗaya suka ci. Suka gama da 11 da 6. Wasan farko na sili ɗaya ƙwale, 15 ga Janairun 2024, Tampa Bay ta kore su da 32-9. Kamar ba su ne ake tsoro wata biyu baya ba.

12/ Abin da ban tsaya na duba ba game da kaina: wa ke cika mani rumfa, kuma da wane kuɗi? Kaka ce. An yanke gero, an roro wake, kowane saurayi na da 'yan canji. Ba iyawata ba ce, lokaci ne. Duk ɗan ƙauye ya san abin da ke biyo baya, ni ma na sani, amma daɗin ciniki ya rufe mani ido.

13/ Ana gama sussuka matasa suka fara tafiya cirani. Kano, Abuja, Legas, kowa da inda ya saba. Benci goma sha biyu, huɗu ke cika. Mai dai lita ɗaya yake sha ko mutum 70 ne ko mutum 15. Kuɗin tasha na wata bai ragu ba. Masu "zan kawo" kuma rabinsu suna can suna tura baro a birni.

14/ Ƙarshen Disamba, ana tsakiyar wasa, janareta ya yi wata ƙara ya tsaya. Makanike ya buɗe ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe rabonka da juyen baƙin mai?" Na yi shiru. Inji ya buga. Na maida wa mutane kuɗinsu, kuma ba ni da ko sisi a ajiye. Gyaran ma bashi na ci.

15/ Gasar kofin Afirka ta ɗan ɗaga ni, don in Najeriya na wasa har dattawa shigowa suke. Sai daren 11 ga Fabrairu. Troost-Ekong ya fara ci, rumfa ta kusa tashi sama. Kessié ya farke, Haller ya ƙara. 2-1. Mutane suka fita ba mai ce wa wani sai da safe.

16/ Ku tuna fa, Kwaddibuwa ɗin nan Equatorial Guinea ta yi mata 4-0 a rukuni, har ta sallami kocinta ana tsakiyar gasa. Da ƙyar ta tsallake. Ita ce ta ɗaga kofi a gabanmu. Na zauna kan benci ina juya wannan a raina, sai na tuna a daren ne kuma ake Super Bowl.

17/ Sha biyu da rabi aka fara. Chiefs, waɗanda Eagles ɗina suka doke a Nuwamba, su ne a fili da San Francisco. An fara jan su 10-0, suka dawo suka ci 25-22 bayan ƙarin lokaci. Abin da ya tsaya mani a rai: su ma 11 da 6 suka gama kakar, daidai da Eagles.

18/ Lamba ɗaya, ƙarshe daban. Chiefs sun sha zagi a kakar, masu cafe ƙwallonsu na ta zubarwa, har Raiders ta ci su a gida ranar Kirsimeti. Amma bayansu a tsare yake, ba a cika zura masu maki ba. Shi ya riƙe su har Patrick Mahomes ya samu kansa. Eagles kuwa bayan ne ya fara yoyo.

19/ Da asuba na zazzage aljihu na ƙirga. Bashin tibi, bashin makanike, ga na Inna ko kwabo ban taɓa ba. Azumi saura wata ɗaya. Wallahi a rayuwata ban taɓa jin nauyin shiga ɗakin mahaifiyata irin na ranar ba. Na tsuguna bakin ƙofa na faɗa mata gaskiya.

20/ Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Lokacin da ake cika ɗin nan har ana tsayuwa, nawa kake ajewa?" Na ce ban ajiye ba. Ta ce, "To ai ba ka ci ba ke nan, ɗan nan. Wucewa suka yi ta hannunka." Ta ci gaba da tankaɗenta.

21/ Na saida tibi na biyu da asara, na saida wayar. Na kai mata dubu 70. An yi bikin ƙanwata, amma akwai kayan da ya kamata a jera mata ba a jera ba, kuma ni na san dalili ko da ba wanda ya faɗa. Ita ma ta sani. Har yau in na je gidanta idona kan wancan ɓangaren ɗakin yake sauka.

22/ Wani abu game da NFL: ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Wadda ta fi kowa shan kashi ita ake fara ba damar zaɓen gwanin matasa daga jami'o'i. Washington ta gama kakar 2023 da 4 da 13, ta ɗauki Jayden Daniels a zaɓi na biyu, a rabin kakar 2024 ta kai 7 da 3. Can faɗuwa har lada gare ta.

23/ Mu nan ba haka ba ne. A 2022 Katsina United da Kano Pillars tare suka faɗi daga gasar Firimiyar Najeriya, sai da suka yi kaka guda a ƙasa kafin su dawo a 2023. Pillars mai kofin lig huɗu fa. Mai ƙaramar sana'a ma haka yake: in ka faɗi ba wanda zai miƙo maka zaɓin farko.

24/ To ga inda aka tsaya a kakar 2024, bayan mako na 10. Chiefs 9 da 0, su kaɗai ba a ci ba. Detroit 8 da 1. Buffalo 8 da 2. Eagles, Pittsburgh da Minnesota 7 da 2. Baltimore 7 da 3. Can ƙasa Dallas 3 da 6, Jets 3 da 7, Giants da Jacksonville 2 da 8.

25/ Da bara ne sai in ce a miƙa wa Chiefs kofi. Bana na koyi tambayar yaya aka ci. Cikin 9 ɗin, 7 da maki bakwai ko ƙasa. A mako na 10 ɗin 16-14 suka ci Denver, kuma sai da suka tare bugun daƙiƙar ƙarshe da hannu. Lissafin nan na san shi, na taɓa ganin irinsa.

26/ Ban ce za su rushe ba. Suna da Mahomes da koci Andy Reid, sun ɗauki kofi biyu a jere, kuma iya cin wasa mai zafi shi ma gwaninta ce. Amma a lokacin wasansu na gaba a Buffalo yake, a nan ne za a ga ko rumbu ne cike ko bakinsa kawai aka toshe da dami.

27/ Detroit ta fi burge ni. Mai jifansu Jared Goff ya miƙa wa Houston ƙwallo har sau biyar a wasa ɗaya, duk da haka suka ci 26-23. Ranar da gwaninka ya lalace kuma ba ka faɗi ba, akwai abin da ke riƙe da kai. Eagles ɗina kuwa sun fara da 2 da 2, sannan suka ci biyar a jere, Saquon Barkley na ta gudu. Na yi shiru dai, na daina cika baki.

28/ Jiya na yi wa kaina nawa lissafin rabin kaka, don yanzu ina da littafi. Daga buɗe Firimiya a Agusta zuwa yau, kwana 31 na kunna inji. Na ci riba a 19. Cikin 19 ɗin, 11 ribar ba ta kai kuɗin lita biyu ba, ga lita ta haura ₦1,000 a 2024. Cikar shekaranjiya ita ce ta so ta mantar da ni wannan.

29/ Abin da na tsayar: duk ranar da aka cika, kashi ɗaya cikin uku na shiga asusu saboda watannin cirani. Juyen baƙin mai kan lokaci, na rubuta ranakun a bango da gawayi. "Zan kawo" sau biyu ne, na uku sai dai ka ji ihu daga waje. Wasan ƙarfe biyun dare kuma a waya nake ganin taƙaitawarsa da safe.

30/ Saura dubu 35 Inna ke bi na. Na yi niyyar kai mata kafin motocin cirani su fara lodi, in Allah ya yarda. Ba ta taɓa tuna mani ba, wannan ne ma ya fi damuna.

31/ Masu shagon caji, masu POS, masu shayi, duk wanda kaka ta cika wa aljihu a watan nan: kafin ka ɗauko sabon abu bashi, zauna ka ware ranakun da ka ci da ƙyar. In akwai mai bin NFL a Kankia ko Kusada ya yi magana, mu haɗa kuɗin mai mu kalli wasa tare. Ni kaɗai dai ba zan ƙara kunna inji ba. 😂