Ranar da Na'urarmu ta Yi Wani Yare

Saura kwana biyu a yi baje-kolin kimiyya na makarantarmu, na'urar auna zafi da muka shafe mako uku muna haɗawa ta rikice. Mu biyar ne a rukuninmu. Mun jona allon Arduino da kwamfutar ɗakin gwaji muna jiran lambobin zafi kamar kullum, sai ga wasu alamomi barkatai, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Nan take muka ɗora wa ƙaraminmu laifi, wani ɗan aji ɗaya, domin shi ya mayar da na'urar kabad ranar Juma'a. Ya rantse bai taɓa komai ba, amma ba mu saurare shi ba. Muka canza waya, muka cire wannan muka mayar da wancan, har aka buga ƙararrawar tashi.

Washegari Malam ya leƙa kwamfutar, ya ce, "A kan nawa kuka sa saurin aika saƙo?" A cikin umarnin da muka rubuta wa allon, 9600 ne. A tagar da ke nuna saƙon kuwa, 115200 ne. Sai ɗaya daga cikinmu manya ya sunkuyar da kai. Shi ya canza lambar da yake gwada wani aiki, ya manta.

Ga abin da Malam ya koya mana. A irin wannan sadarwa, saƙo yana bin waya ɗaya ne a jere, sifili ko ɗaya, kowanne ana ce masa bit. Babu agogon da ya haɗa mai aikawa da mai karɓa, don haka dole su yi yarjejeniya tun farko kan yawan bit a daƙiƙa. Ma'aunin shi ne baud, daga sunan Émile Baudot, Bafaranshen da ya yi fice a aikin wayar tangarahu.

A kan 9600, kowane bit yana ɗaukar kusan kashi 104 cikin miliyan na daƙiƙa. Harafi ɗaya bit goma ne: na buɗewa, takwas na saƙo, da na rufewa. Wato haruffa 960 a daƙiƙa. Da mai karɓa ya ji bit na buɗewa, sai ya riƙa ƙirga lokaci da nasa agogon, yana duba tsakiyar kowane bit. To, 115200 ya ninka 9600 sau goma sha biyu, shi ya sa kwamfutar ke karanta bit ɗaya a matsayin goma sha biyu. Ko da bambancin kashi biyar cikin ɗari ne, kafin a kai bit na goma an goce da rabin bit, harafin ya lalace. Malam ya ce kamar shifta ce: idan saurin bakin malami da na alƙalamin ɗalibi ba su daidaita ba, shirme za a rubuta.

Muna gyara lambar, sai ga zafin ɗakin ya fito rangaɗau. Murna ta zo, kunya ta biyo baya. Muka ba ƙaraminmu haƙuri a gaban Malam, kuma shi muka zaɓa ya yi wa baƙi bayani ranar baje-kolin. Duk wanda ya shiga ɗakin gwaji yanzu zai ga 'yar takarda manne a jikin na'urar, an rubuta 9600. Rubutun hannunsa ne.