Wasan fatake

A wani ƙauye kusa da Buza, yara suna wasan fatake da dare. Suna zana hanya a ƙasa, daga Madawa zuwa Keta. Kowane yaro falke ne, tsakuwa ce jakinsa. Yayarsu ke ba da labari. A hanyar akwai Dodo, akwai Gizo.

Amma daɗin wasan ba wurin Dodo yake ba. Kafin kowane zango, yayar tana watsa wuri huɗu. In duka suka kife, hazo ya sauko, falke bai ganin gabansa. In biyu ne, ruwa ya zo. In ɗaya ne, iska. Ita kanta ba ta san abin da zai fito ba. A Amurka ma akwai irin wannan wasa tun 1974, sunansa Dungeons & Dragons.

Ran nan wuri ya ce ruwa. Autansu ya ce: «Yaya, nan ko ɗigo bai sauka ba. Zan ƙetare korama.»

Ta ce: «An yi ruwa bisa dutsi. Korama ta kawo, ta tafi da albasarka.»

Ya yi kuka, ya ce zamba ce. Ba zamba ba ce. Haka koramun Adar suke, ruwan nesa ke cika su.

Da iska ta fito, auta ya kora jakinsa Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. Yayar ta yi shiru, sannan ta miƙa masa wurin.

Ta ce: «To, ka tsira. Watsa da kanka.»